Wa Zai Riƙe Ikrima?

A garin Birnin Kudu an yi wata yarinya mai suna Munawwara. Shekarunta goma sha ɗaya, tana aji biyar a firamare. Kaf unguwarsu an san ta da tambaya. In ta ga tururuwa sun yi layi, sai ta tsuguna ta bi su har ta ga raminsu. In aka hana ta abu, ba ta gardama. Sai dai ta karkata kai ta ce, "To, me ya sa?"

Mahaifiyarta ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a garin. Umma take ce mata. Babanta direban babbar mota ne. Tana da ƙane guda, Ikrima, ɗan shekara biyu. Shi kuwa Ikrima bai san zama wuri ɗaya ba, sai in barci ne ya kayar da shi.

Shekarar da cutar korona ta zo, azumi ya kama cikin tsananin zafi. An riga an rufe makarantu. Ana nan sai aka sa dokar kulle a garin. Ba shiga, ba fita. Kasuwa ta watse, tasha ta yi tsit. Dokar ta rutsa da Baba can Legas, ba halin dawowa.

Da can wata gwaggonsu ce take zuwa daga Kiyako kullum da safe, ta riƙe Ikrima har Umma ta taso daga aiki. Yanzu an tare hanya. Gwaggo ta daina zuwa.

Da safe Umma ta sa farar rigarta, ta ɗaura takunkumi a fuska. Munawwara ta tsaya tana kallonta.

Ta ce, "Umma, me ya sa ke za ki fita, mu kuma an hana mu?"

Umma ta ce, "Marasa lafiya suna jirana. Mu ma'aikatan asibiti an ba mu izini."

"Ita cutar, kin taɓa ganinta?"

"Ba a ganinta da ido. Ƙwayar gero ma ƙatuwa ce a kanta."

"To ta yaya take zuwa daga wannan gari zuwa wancan, tunda ba ta da ƙafa?"

Umma ta yi murmushi ta ce, "Ƙafafunmu take ara. Mutum ya ɗauke ta bai sani ba, ya je ya kai wa wani. Shi ya sa aka ce kowa ya zauna inda yake."

Munawwara ta dubi ƙanenta. Yana ta kokawa da murfin randa.

Ta ce, "To wa zai riƙe Ikrima?"

Umma ta dafa kafaɗarta. Sannan ta ce, "Ke ce. Na san kin yi ƙanƙanta, amma ba ni da yadda zan yi. Ga ƙaramar wayar nan. In wani abu ya faru, ki kira ni. Ko zaure kada ku leƙa."

Ashe riƙon yaro ba wasa ba ne. Munawwara ta goya shi, ya ce sauka zai yi. Ta sauke shi, ya ce a goya shi. Ya zubar da omo a cikin ruwan wanka. Ya cusa takalmin Umma a tukunya. Ga azumi a bakinta, ga rana kamar wuta. Kafin la'asar ko magana ba ta son yi.

Rannan tana dama masa kunu, ruwa yana tafasa a kan kurfoti. Sai ta ji wata mota tana wucewa da lasifika, ana ta sanarwa. Ta so ta ga wane ne yake magana a ciki. Shin mutum ne zaune, ko kuwa murya ce aka naɗa? Ta ce bari ta leƙa sau ɗaya kawai. Ta ruga zaure, ta sa ido a kafar ƙofa.

Ko motar ba ta gani sosai ba ta ji ƙara a bayanta.

Ta dawo a guje. Ikrima ya taɓa kurfoti. Yana tsaye yana yarfe hannu, yana tsala ihu. Ta ɗauke shi, ta tsoma hannun cikin ruwan sanyi yadda Umma ta koya mata. Yatsu biyu suka ɗuri ruwa. Ta kira Umma, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta zauna a tabarma da shi a cinya. Yana kuka, tana kuka.

Sai dab da magariba Umma ta dawo. Takunkumi ya yi mata shata a fuska. Ta yi wanka tukuna, sannan ta taɓa su. Ta duba yatsun, ta shafa magani, ta naɗe. Ba ta yi faɗa ba. Amma da ta shiga ɗaki, Munawwara ta hango ta tana share hawaye da bakin zani.

Bayan sun sha ruwa, Munawwara ta ce, "Umma, me zai hana mu tafi Gwaram wajen Inna? Ita ta iya riƙon yara."

Inna Azumi ita ce kakarsu, mahaifiyar Umma.

Umma ta girgiza kai ta ce, "An hana fita. Kuma Inna ta tsufa, ga ciwon suga. Ni kullum cikin marasa lafiya nake, ku kuma kuna jikina. Ki bari in yi tunani. Allah zai kawo mafita."

Munawwara ta ce to. Amma zuciyarta ba ta ce to ba.

Washegari da Umma ta fita, ta zauna tana ta saƙe-saƙe. Don me aka yi dokar? Don a kare mutane. Ikrima fa, ba mutum ba ne? Mutum ne. Ga shi ya ƙone saboda babu babba a gida. Ashe ke nan kai shi wajen Inna ma kare mutum ne. Ta juya maganar ta nan, ta juya ta can, ta ga ta zauna daidai. Har ta ji daɗin wayonta.

Ta ɗauki waya ta kira Kawu Yunusa, ƙanen Umma. Ɗan acaɓa ne a Gwaram, tare suke zaune da Inna.

Ta gaishe shi, sannan ta ce, "Kawu, Ikrima ya ƙone a hannu. Umma ta ce ka zo ka ɗauke mu ka kai mu wajen Inna."

Kawu ya ce, "Subhanallahi! Yaya ce ta ce haka? Bari in kira ta in ji."

Ta yi sauri ta ce, "Tana wajen aiki. Ba ta ɗaukar waya."

Ya ce, "Haka ne kuma. To ku shirya. Ta bayan gari zan shigo."

Ta ajiye wayar. Ba ta saba ƙarya ba. Amma ta ce wa kanta in sun isa za ta kira Umma, Umma kuwa har godiya za ta yi mata.

Da hantsi Kawu ya iso. Bai danna ham ba, ƙofa ya ƙwanƙwasa a hankali. Aka sa Ikrima a tsakiya, aka ɗaure shi da zani. Munawwara ta hau baya da ƙullin kayansu.

Ba su bi kwalta ba. Suka ratsa lungu, suka faɗa hanyar gona. An share gonaki fes, ana jiran ruwan farko. Ga mangwaro ya nuna ba mai tsinka. Munawwara ba ta taɓa bin wannan hanya ba, sai raba ido take.

"Kawu, wancan dutsen wa ya ɗora shi a kan ɗan'uwansa?"

"Ikon Allah."

"Shanun can su ma suna kamuwa da korona?"

"Ke dai riƙe yaron nan da kyau."

Suka zo wani busasshen rafi. Babur ya kafe a yashi, sai da suka sauka Kawu ya tura. Daga saman gaɓa ta hango kwalta can nesa. An jera ganguna da katako an tare hanya. Ga jami'an tsaro tsaye a gindin wata bishiya. Kawu ya kashe babur, ya ci gaba da turawa ta bayan wasu kukoki.

Ta ce, "Kawu, me ya sa ka kashe?"

"Don kada su ji mu."

"In sun ji mu me za su yi?"

"Su kama babur, su mai da ku gida."

"Amma ai ba yawo za mu ba. Yaro za mu kai wajen kakarsa. Laifi ne?"

Kawu ya share gumi ya ce, "Ni a ganina ba laifi ba ne. Dokar ai don masu yawon banza aka yi ta."

Ta karkata kai ta ce, "To in ba laifi ba ne, me ya sa muke ɓuya?"

Kawu ya waiga, ya ga sun yi nisa da masu tsaron. Ya tayar da babur, suka wuce.

Bayan azahar suka shiga Gwaram, sun yi buɗu-buɗu. Inna Azumi tana ƙarƙashin rumfa tana wanke waken ƙosai. Ƙosai take sayarwa a ƙofar gida lokacin shan ruwa. Da ta gan su, ta saki ƙwarya.

"Lale marhabin! Maigidana ne da tsakar rana? Zo nan, zo nan!"

Ta sure Ikrima, ta rungume, ta hura masa yatsun da suka ƙone. Shi kuwa ya kama fuskarta da hannu biyu yana dariya, har yana sa mata yatsa a baki.

Ta dubi Munawwara ta ce, "Ƙawata, ita uwar taku me ya hana ta kira ni ta ce kuna tafe?"

Kafin Munawwara ta sami abin faɗa, wayar Kawu ta yi ƙara. Yana ɗauka, muryar Umma ta cika tsakar gida.

"Yunusa! Yarana! Na dawo gida ban ga kowa ba! Na duba rijiya, na duba maƙwabta, na bi titi ina kira. Munawwara! Ba wanda ya ga Munawwara!"

Munawwara 'yar fari ce, Umma ba ta faɗin sunanta saboda kunya. Tunda take, ba ta taɓa jin sunanta a bakin Umma ba sai yau. Kuma cikin kuka ta ji shi. Ta laluba ƙullin kaya, ashe ma a gida ta manta ƙaramar wayar.

Kawu ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Ga su nan a Gwaram. Ba ke kika ce in ɗauko su ba?"

"Ni? Yaushe?"

Kawu ya juyo ya dubi Munawwara. Inna ma ta dube ta. Ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan ƙafarta.

Ta ce, "Ni ce na faɗa. Umma ba ta ce ba."

Umma ta ja numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi da suna raye. Amma ku saurara. Kun san abin da ya dawo da ni da wuri? Wani mara lafiya da na yi jinya, an gwada shi yana da cutar. An ce in koma gida in zauna da yarana, kada mu kusanci kowa sai an gwada mu. Ina Inna? Kada ta taɓa su."

Munawwara ta ɗaga ido. Ga Ikrima a ƙirjin Inna, kumatunsa a jikin nata. Sai ta tuna maganar Umma, cewa cutar ƙafafun mutane take ara. Ashe har babur tana ara.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta sauke Ikrima a hankali a kan tabarma.

Umma ta ce, "Dole in sanar da ma'aikatan lafiya na nan Gwaram."

Kawu ya ce, "Haba Yaya, a rufa asiri mana."

Ta ce, "Babu asirin da ya fi ran Inna."

Da yamma wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutum biyu suka shigo cikin fararen riguna tun daga kai har ƙafa. Babbansu ya ce sunansa Malam Zakka. Duk da tsoron da take ji, Munawwara ta kasa haƙuri.

Ta ce, "Malam, ba kwa jin zafi a cikin rigar nan?"

Ya yi dariya ya ce, "Kamar an rufe ni a tukunya."

Suka sa wa kowa wani siririn tsinke mai auduga a hanci. Ikrima ya yi ta atishawa. Malam Zakka ya ce ba mai fita daga gidan, ba mai shigowa, har mako biyu. Ya ce Inna ta zauna ɗakinta ita kaɗai, kwanonta daban, butarta daban. Yara kada su matso kusa da ita.

Munawwara ta ce, "To wa zai riƙe Ikrima?"

Ya ce, "Ke da kawunki."

Ta zauna daɓas. Ta yi ƙarya, ta ratso daji, ta sa Umma kuka, ga shi riƙon ya sake dawowa kanta.

Kwanakin suka yi nauyi. Babur ɗin Kawu ya zauna a zaure, ba aiki. Inna ta daina ƙosai. Waken da ta wanke ya yi tsami, aka ba awaki. Yaran unguwa in sun zo wucewa ta ƙofar gidan sai su toshe hanci su ruga. Wata maƙwabciya, Hafsat, ita ce take miƙo musu ruwa da cefane ta kan katanga.

Kawu ya yi fushi, ya daina yi wa Munawwara magana. Amma Ikrima bai san fushi ba. Ya maƙale masa, sai ya goya shi. Kawu bai iya ɗaura zani ba, kullum goyon a karkace. Inna tana leƙowa ta taga tana cewa, "Ɗaga shi sama, Yunusa! Buhun gero ka goya?" Ran nan dai har Kawu ya yi dariya.

Sai labari ya zo daga Birnin Kudu. Gwajin Umma ya nuna tana da cutar. An kai ta wurin da ake killace masu ita. Ta kira ta ce jikin da sauƙi, tari ne kawai da kasala. Amma a wannan rana Inna ta tashi da zazzaɓi. Tana kwance tana rawar ɗari cikin wannan zafi.

Munawwara ta tsaya nesa da ƙofar ɗakin. Tana son ta shiga ta yi mata fifita, ba dama. Ko ƙosan da Hafsat ta miƙo ta kasa ci.

Da safe Malam Zakka ya dawo ya duba Inna, ya ɗebi jininta a yatsa. Da ya fito, ya tarar da Munawwara zaune a dokin ƙofa.

Ta ce, "Malam, ni na kawo mata, ko?"

Ya tsuguna daga nesa ya ce, "Ba mu sani ba tukuna. Sakamakonku bai fito ba. Mu jira, mu yi addu'a."

"In tambaye ka wani abu?"

"Tambayi."

"Ikrima ya ƙone saboda ba babba a gida. Da na kawo shi nan, laifi na yi ko daidai?"

Malam Zakka ya ɗan yi tunani. Ya ce, "Abu biyu ne a maganarki. Na farko, kin yi gaskiya. Bai kamata a bar yarinya kamarki da ƙaramin yaro wuni guda ba. Damuwarki ta gaske ce."

Ta ɗago kai. Ba ta zaci zai ce haka ba.

Ya ce, "Na biyu, hanyar da kika bi. Ta ina kuka zo?"

"Ta daji."

"Don me?"

"Don kada a gan mu."

"Ummanki ta sani?"

"A'a."

"Inna ta san kuna tafe, balle ta shirya?"

"A'a."

Ya ce, "To kin gani. Kin tuna da Ikrima, kin manta da Inna. Ita doka, da kowa take tunawa, har wanda ba ya gabanki."

Munawwara ta gyara zama. Sannan ta ce, "Amma yanzu da aka kai Umma can, da muna gida wa zai riƙe mu? Ai nan ɗin dai za a kawo mu."

"Wataƙila nan ɗin ne."

"To mene ne bambancin?"

Ya ce, "Da sai an gwada ku tukuna. In kuna lafiya, a kawo ku ta kan kwalta, da izini. Da Inna ta rungume ku hankali kwance. Da kawunki yana kan aikinsa. Da Ummanki ba ta bi titi tana kuka ba. Gida ɗaya za ku zo, amma zuwan ba ɗaya ba ne."

Ta ce, "Ke nan ko me ya faru ba a fita?"

"A'a, ban ce haka ba. In yaro ya suma, ko mace tana naƙuda, ba mai cewa a zauna. A fito, a je wajen masu tsaron hanya, a gaya musu gaskiya. Larura ba ta bukatar ɓuya. In kika ga sai kin yi ƙarya kafin ki yi abu, ki tsaya ki sake tunani."

Da ya tafi, ta je wajen Kawu. Yana zaure yana goge babur ɗin da ba inda za shi. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, ka yafe mini. Na yi maka ƙarya."

Ya ajiye tsumman ya ce, "Na yafe. Ni ma da nawa. Babba ne ni, da sai in jira in ji daga bakin Yaya. Kuma tambayar da kika yi mini a bakin rafi, har yau ban sami amsarta ba."

Ta je bakin tagar Inna ta ce, "Inna, ki yafe mini."

Inna ta ce da ƙaramar murya, "Ƙawata, tausayin ƙanenki ne ya kawo ki, na sani. Allah ya yi miki albarka. Amma kada ki kuma."

Ana nan ana jira, rannan da hantsi farar motar ta dawo. Wannan karon Malam Zakka takunkumi kawai ya sa. Tun daga zaure ya ɗaga murya.

"Albishirinku!"

Kawu ya ce, "Goro!"

"Duk cikinku ba mai cutar. Inna kuwa zazzaɓin cizon sauro ne. Ta ci gaba da shan maganin da na ba ta. Ku dai ƙarasa kwanakinku a gida, don a tabbatar."

Hafsat ta ji daga bayan katanga, ta rangaɗa guɗa. Munawwara ta yi tsalle, ta yi tsalle, har ɗankwalinta ya faɗi. Ikrima bai san abin da ake ciki ba, amma shi ma ya kama tsalle.

Da kwanakin suka cika, Inna ta fito tsakar gida da ƙafarta. Ta ɗauki Ikrima ta goya shi da kanta. Da yamma ta ɗora kasko, ƙamshin ƙosai ya cika unguwa. Yaran da suke toshe hanci su ne farkon layi.

Ana saura kaɗan Sallah, Umma ta warke. Aka sake gwada ta, aka sallame ta. Aka ba ta izini, motar asibiti ta kawo ta Gwaram. Ta rame, amma idonta garau.

Ikrima ya tsaya yana kallonta kamar baƙuwa. Ta ce, "Kai, ba ka gane ni ba?" Yana jin muryar ya ruga ya faɗa jikinta.

Munawwara ta matso a hankali ta durƙusa. Ta ce, "Umma, na yi kuskure. Kin ce a'a, na ƙi ji. Kuma na yi ƙarya da sunanki."

Umma ta ɗago ta, ta zaunar da ita kusa da ita. Ta ce, "Kin yi kuskure, kuma kin gane. Ni ma na ɗora miki kayan da suka fi ƙarfinki, na yi shiru ban gaya wa kowa ba. Da na yi wa shugabarmu bayani, ashe ba ni kaɗai ba ce. Mu da yawa muke barin yara a gida. Yanzu an gyara mana lokutan aiki. Gwaggonku ma za a gwada ta, a ba ta izini ta dawo gidanmu da zama."

Munawwara ta ce, "Ashe da mun yi magana tun farko, da duk wannan bai faru ba."

Umma ta ce, "Da bai faru ba."

Ran Sallah suka yi kwalliya, suka zauna a tsakar gida. Inna ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe. Baba ya kira daga Legas, aka yi ta miƙa wayar hannu zuwa hannu. Ya ce da an buɗe hanya yana tafe.

Tun daga lokacin Munawwara ta riƙe darasinta. Bukatar iyali abu ne mai muhimmanci, ba a raina ta. Amma doka ma don mutane aka yi ta, har da tsofaffi da marasa ƙarfi. In abu ya fi ƙarfinka, kada ka yi ƙarya, kada ka bi ta ɓoye. Ka faɗa wa manya gaskiya, ka nemi taimako a fili. In amsa ta yi jinkiri, ka sake faɗa, har a ji ka.